Amsa ga Hajiyar Birni kan abincin ƙanenta

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Hajiya, na ji muryarki tun daren jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ga waɗanda ba su saurara ba: ƙanenta ne ya faɗo daga kabu-kabu shekara 2 ke nan, lakar bayansa ta taɓu, yana kan keke. An yi masa awon jini an ce kitse ya yi yawa. Ita kuma tana tambaya, mutumin da ƙafafunsa suka koma kamar sillen kara, ina ya ga kitse?

To Hajiya, naman cinya da na mazaunai su ne babban murhun jiki, su ke ƙone abin da muka ci. Da laka ta samu rauni naman nan ya motse, wuta ta ragu, amma kwanon tuwo yana nan yadda yake, wataƙila ma an ƙara don tausayi. Abin da bai ƙone ba ina za shi? Tumbi, hanta, hanyoyin jini. Don haka kar sikeli ya ruɗe ki, kilo ɗinsa na iya zama kamar na da alhali nama ya tafi kitse ya gaje shi. Cikinsa za ki duba. Kuma kitsen nan mai amfani da ake rubutawa HDL a takardar awo, zama wuri guda rage shi yake. Ta nan ciwon suga da na zuciya ke samun ƙofa.

Ni abin da ya fi damuna ƴan dubiya ne, Allah ya saka musu. Wannan da ledar kilishi, wancan da tsire, wancan da lemun kwalba. Abokai su zauna masa hira a zaure, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, kowane kofi kamar zuma. Sannan ke ki dama fura ki zuba suga don ki ga ya sha da yawa hankalinki ya kwanta. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, amma ciki ɗaya ake zuba wa duka.

Ban ce a sa shi yunwa ba fa. Mai zaman keke in ya rame, ƙashi ya taso, gyambon zama ya kama shi, wannan kuma masifa ce da ban so ki gani. Yana bukatar abin gina jiki kullum: wake, ƙwai, kifi, nono, nama marar kitse daidai kima. Tuwon hatsi ko na dawa ya fi masa farar shinkafa da taliya da burodi, sai dai malmala ta ragu, miya ta ƙaru. Kuka, kuɓewa, yakuwa, kwaɗon zogale, kabeji, ga su nan a kasuwar Dole. Ganyen nan aiki biyu yake yi, yana taimakon jini, yana kuma sa bayan gida ya zo da sauƙi, in dai ana shan ruwa. Mai kuwa da cokali za ki auna, ba tuttulawa ba. Soye-soye su zama na ranar Juma'a.

Gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen Maggi. Kanwa ma a lissafin take, mutane ba su sani ba. Ki jingina da daddawa, tafarnuwa, citta da albasa, miya ba za ta yi lami ba.

Amma a nan ku saurara da kyau, don na san wani zai ɗauki rabin magana. Wanda rauninsa ke sama, daga ƙashin baya na T6 (wajen daidai tsakiyar ƙirji) zuwa wuya, sau da yawa tansiyonsa ƙasa yake, har jiri ya ɗebe shi in an zaunar da shi. Irin wannan ba a yanke masa gishiri sai da shawarar likitansa. Su ne kuma tansiyonsu kan yi tsalle farat ɗaya in mafitsara ta cika, ko tiyon fitsari ya toshe, ko ciki ya ɗaure: kai ya yi ta sarawa, gumi, fuska ta yi ja. In kin ga haka, zaunar da shi a miƙe, ki sassauta tufafi, ki duba tiyon, in bai lafa ba sai asibiti. Kuma irinsu zuciya na iya kamuwa ba su ji ciwon ƙirji ba, sai dai numfashi ya yi nauyi ko tashin zuciya. Ki duba takardunsa ki faɗa mini a ina rauninsa yake.

Kar ki rage masa ruwa don gudun fitsari, da zafin nan na Damagaram. Ya riƙa tura kekensa da kansa ko cikin tsakar gida ne, ku daina rige-rigen tura shi. Yau ki ɗauki tef ɗin tela ki auna cikinsa daidai cibiya yana kwance, ki rubuta, bayan wata 3 mu sake aunawa. Ƴan shayin kuma ki bar ni da su, zan biyo ranar Lahadi in sha Allah.