Fatawa: Ma'aikaciyar kamfanin tabarau da aka sa ta ce wa kwastoma "idonka zai saba"

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina aiki a sashen kula da kwastomomi na wani kamfani mai gwajin ido da sayar da tabarau. Aikina amsa waya da saƙonni, sa wa mutane ranar gwaji, da karɓar koke. Bayan albashi ana ba mu kamasho a kan duk wanda ya yarda aka ƙara masa shafin tare shuɗin haske ko gilashi marar kauri. Shin wannan kamasho halal ne? Sannan an koya mana duk wanda ya kira yana kukan sabon tabarau na sa shi ciwon kai, mu ce ya yi haƙuri mako biyu idonsa zai saba. Wani lokaci nakan buɗe fayil ɗinsa in ga awon da aka yanka gilashin da shi ya saɓa da na takardar gwaji, amma abin da aka ce mu faɗa shi nake faɗa. Wa'adin canji kyauta a wajenmu kwana 14 ne. Wani ɗalibin ilmi ya ce min ba ni da laifi tunda umarni nake bi, kuma a wajen malamanmu ruɗin baki ba ya jawo biya.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya yi miki albarka, 'yar uwa.

Aikinki halal ne, albashinki halal ne, kamasho ma a asalinsa halal ne. Ladan dillanci ne, magabata sun halatta shi. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarki shi ne abin da kika ajiye a ƙarshe: kina ganin saɓanin awo a kwamfuta, kina cewa a jira mako biyu, wa'adin canji kuma kwana 14 ne. Ki haɗa lissafin da kanki. Ranar da mutumin ya gama haƙurin da kika ba shi, ranar haƙƙinsa ya faɗi.

Maganar "idonka zai saba" a kan kanta gaskiya ce a wurare da yawa. Wanda ya fara sa gilashi mai hawa-hawa, wanda ya haɗa ganin nesa da na karatu ba tare da layi ba, yakan ga gefe yana lilo, matakala ta rikice masa, kuma yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu abin yakan lafa. Haka wanda aka ƙara wa lamba sosai, ko aka fara sa masa silinda, wato ƙarin awon da ake yanka wa gilashi a kan wata kusurwa don gyara dishi-dishin gani. Idan fayil ya yi daidai da takardar gwaji, faɗin wannan nasiha ce, ba ki da laifin komai, sharaɗi ɗaya ne: ki rubuta ranar da ya kira a fayil ɗinsa, kuma ki gaya masa ranar da wa'adinsa zai ƙare. Amma idan kin ga saɓani kika faɗi kalmomin nan don ya ajiye waya, to ɓoye aibi ne, kuma haramun ne. Sanin da ke zuciyarki a lokacin shi ne ya raba hukuncin gida biyu.

Sai dai ba kowane saɓani ne kuskure ba, kuma ba na so tsoron zunubi ya tura ki ga ɗora wa masu yankan gilashi laifin da ba su yi ba. Ana rubuta gilashi ɗaya da siga biyu: −2.00 da silinda +1.00 a kan digiri 90 shi ne dai −1.00 da silinda −1.00 a kan digiri 180. Wanda bai sani ba zai ce an sauya lambobi uku, alhali ba a taɓa komai ba. Haka tazarar da ke tsakanin ƙwayar ido biyu, wadda ake rubuta wa PD: ta tabarau na karatu takan gaza ta nesa da kamar milimita 3, domin idanu kan matso juna idan ana duba kusa. Sannan girman kuskure yana bin ƙarfin gilashi. Idan an rubuta PD 62 aka yanka a kan 66, ga mai lamba 0.50 da wuya ya ji komai. Ga mai lamba −5.00 kuwa, wannan milimita 4 tana karkatar da haske ƙwarai, jijiyoyin idonsa su yini suna kokawar haɗa hoto biyu ya zama ɗaya, yamma ta yi masa da ciwon goshi da jiri. Haka kusurwar silinda: kaucewar digiri 10 ga mai silinda 0.25 ƙaramin abu ne, ga mai 2.00 dishi-dishi ne a fili. A fiƙihu, abin da ake kira aibin da ake mayar da kaya saboda shi masana sana'ar ne suke tantance shi. Don haka ba a ɗora miki ki ce "mun yi kuskure" ba. Abin da ya wajaba a kanki shi ne ki ce masa: "Akwai abin da na gani a fayil ɗinka da nake so a duba, ka kawo tabarau ɗin kafin ranar kaza." A can za a ɗora shi a na'urar auna ƙarfin gilashi, a ɗiga alamar ƙwayar idonsa a kan gilashin yana sanye da shi a ga ko ta faɗa tsakiyar awo, a duba zaman firam a karan hanci da kunne. Aikin mintuna kaɗan ne, kuma sau da yawa gyaran firam kaɗai ke kawar da kukan.

Yanzu maganar ɗalibin da ya ba ki amsa. Ina kyautata masa zato, don abin da ya faɗa yana da asali a littattafai, amma ya ajiye shi a inda ba muhallinsa ba. Gaskiya ne Malikawa sun bambanta ruɗi na aiki da ruɗi na baki, suka ce na baki shi kaɗai ba ya wajabta biya. Misalinsu sananne ne: mutum ya kawo wa tela yadi ya tambaye shi ko zai isa riga, tela ya ce zai isa, aka yanka bai isa ba. To amma ana maganar ko alƙali zai tilasta tela ya biya kuɗin yadi ne. Babu wanda ya ce ƙaryar ta halatta. Faɗuwar biya a gaban alƙali daban, faɗuwar zunubi a gaban Allah daban, kuma ke a kan na biyun kika yi tambaya.

Ko a babin biyan ma, su malaman sun yi togaciya. Sun ce idan mai yadi ya gindaya sharaɗi, ya ce in ka san zai isa ka yanka, in ba haka ba ka bari, tela ya yanka yana sane ba zai isa ba, zai biya. Sun ce mai tantance kuɗi da aka ɗauka da lada, ya ce masu kyau ne alhali ya san jabu ne, zai biya, domin ruɗin bakinsa ya haɗu da yarjejeniyar aiki. Ke ba mai wucewa ba ce da aka tambaya a hanya. Bakin mai sayarwa ce ke, kuma maganarki tana cikin cinikin da aka ƙulla da garantinsa. Ibn Abi Zaid a Risala ya hana mai sayarwa ɓoye abin da in ya ambata mai saye zai ƙi kayan, kuma ba a kuɓuta daga wannan don an ɗauki wani ya yi ɓoyon a waya.

Batun "umarni nake bi" kuma ba uzuri ba ne a saɓon Allah, wannan kowa ya sani. Wanda ya rubuta muku abin faɗa, in ya yi da nufin cinye wa'adin mutane, kasonsa ya fi girma, amma hakan ba ya sauke naki. Tilascin da shari'a take yi wa uzuri ya wuce tsoron harara daga shugaban sashe ko raguwar maki a ƙarshen wata. Kuma ki lura da wanda ke ɗaya gefen wayar: mutum ne da ba ya iya karanta lambobin takardarsa, ya miƙa miki wuya gaba ɗaya. Annabi (SAW) ya ce wanda aka nemi shawararsa amintacce ne, kuma a ruwayar Abu Dawud, wanda ya nuna wa ɗan uwansa wani abu alhali ya san daidai yana cikin waninsa, ya ha'ince shi. Cutarwar ma ba ta tsaya a kuɗi ba. Mutumin nan zai tuƙa mota da wannan tabarau, zai sauka matakala da shi.

Mu koma kan kamasho, don a nan ma kalma ce take halatta shi ko ta gurɓata shi. Shafin tare shuɗin haske kaya ne halal, a sayar wa mai so. Amma a 2023 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 17 a kan irin wannan tabarau, ba ta samu hujjar cewa yana rage gajiyar ido a gaban kwamfuta fiye da gilashi na yau da kullum ba. Gajiyar yawanci daga ƙarancin ƙiftawa take da daɗewa ana duban kusa, shi ya sa likitoci ke cewa duk minti 20 a dubi abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Don haka kada ki ce "zai kare ka daga makanta" ko "zai warkar da ciwon kanka". Ki ce yana tace wani kaso na shuɗin haske, wasu suna jin daɗinsa, zaɓi ne. Gilashi marar kauri, irin wanda ake kira 1.67 ko 1.74, yana da amfani na gaske ga mai lamba babba, kamar −6.00; ga mai −1.00 bambancin kaurin ba ya taka kara ya karya, tura masa shi da sunan larura cin kuɗinsa ne. Kamashon da kika samu da bayani na gaskiya naki ne. Wanda kika san da ƙarya aka samo shi, ki kimanta shi, ki mayar wa masu shi in da hanya, in babu ki yi sadaka da shi a madadinsu.

Game da waɗanda suka wuce, tuba ba ta cika da nadama kaɗai alhali fayilolinsu suna gabanki. Ki tattaro waɗanda kike tunawa, ki rubuta wa shugabanki lambar fayil, ranar da mutumin ya kira, da saɓanin da kika gani, ki nemi a kira su a sake awo. Ki yi shi a rubuce, cikin ladabi, ki kuma ba da shawarar a riƙa dakatar da wa'adi daga ranar da aka fara koke. Kada ki yi gaggawar ajiye aiki. Kamfanoni da yawa sun fi son sake yanka gilashi a kan rasa kwastoma, kuma mai gaskiya a wannan kujera alheri ce ga mutane. In an fito fili an ce dole ki ɓoye, to ki ƙi wannan ɓangaren, ki ci gaba da sauran aikin, ki fara neman wani wuri.

Akwai kiran da ba a cewa a jira ko kwana ɗaya, ko da fayil ya yi daidai: wanda ya ce yana ganin walƙiya a gefen ido, ko ɗigo-ɗigo baƙaƙe sun ƙaru farat ɗaya, ko kamar labule ya rufe wani sashe na ganinsa, domin yana iya zama tantanin bayan ido ne ke ɓallewa; da wanda idonsa ya yi ja da zafi mai tsanani, yana ganin zobe kewaye da fitila har da tashin zuciya, wanda alama ce ta hawan jinin ido na gaggawa, da mai sa gilashin da ake ɗorawa a ƙwayar ido da ya wayi gari da ja da zafi, shi wannan ya cire shi nan take. Dukkansu likita za su gani a ranar. Kada kuma ki faɗa wa kowa sunan magani ko ɗigon ido, hadisi ya ɗora biya a kan wanda ya yi likitanci ba a san shi da shi ba. Abin da ke cikin fayil kuwa sirrin mai shi ne, ko mijin mace ko ɗan uwan mutum ne ya kira, sai da izninsa.

Allah ya sa albarka a nemanki. Allah ne mafi sani.