Tambaya da Amsa: An ce haƙori ne yake sa yarona zawo, in kai shi asibiti ko in jira?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Anti Nas, dan Allah ki taimaka min da shawara hankalina a tashe yake. Yarona watansa takwas, shi ne na fari, yau kwana uku kenan yana zawo kamar ruwa, jiya na ƙirga sau shida, jikinsa da zafi, yana kama nono amma ba kamar da ba. Hajiyar maigidana tace haƙori ne zai fito, duk yaran da ta haifa haka suka yi, ta aika an siyo masa maganin haƙori da Flagyl a kemis tace in daina tayar da hankalina. Yau da safe na ga kamar maɗigarsa ta faɗa, maƙociyarmu tace akwai wata tsohuwa da take haɗa maganin shafawa. Babansa yana Legas sai ƙarshen wata zai dawo, ni kuma ina jin nauyin in ce zan kai shi asibiti kar a ce na raina Hajiya. Ya zan yi?

AMSA:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki ci gaba da karanta sauran maganata, tashi ki haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na leda da ake haɗawa da ruwa, ki fara ba shi, ki goya shi ki kai shi asibitin da ya fi kusa da ku yau ɗin nan. Zawo sau shida, ga zazzaɓi, ga rage kama nono, ga maɗiga ta faɗa, wannan ruwan jikinsa ne yake ƙarewa, kuma yaro ɗan wata takwas ba shi da wani ruwan ajiya da zai kai shi gobe yana jira. Sauran bayanin ki karanta a cikin adaidaita ko kina zaune a benci.

Na san kin san ORS tun daga awo, abin da nake so ki kula da shi shi ne ma'auni. Ki duba jikin ledar, mafi yawa na lita ɗaya ne, wato fiya wata leda biyu cif, kar ki raba garin biyu ki ce zaki yi rabi, kar ki ƙara sukari wai ya yi daɗi. Da cokali zaki dinga ba shi, kaɗan kaɗan, duk minti ɗaya ko biyu. In ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba a hankali. Duk lokacin da ya yi zawo ki mayar masa da kwata zuwa rabin kofin shayi. In ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Maganin zink kuma ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum tunda ya wuce wata shida, ki narkar a cokali da ɗan ruwan nono, har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya a kwana na biyu, nan ne mata da yawa suke yin sakaci. Nono kuma kar ki rage, ki ƙara ma. Lemon kwalba da jus na kwali ki ajiye su, sukarinsu ƙara zawon yake yi.

Yanzu bari in zo kan maganar haƙorin nan, domin wallahi babu kalmar da ta gajiyar da ni a aikin nan kamarta. Ba na jin akwai ranar da zan zauna a ɗakin duba yara ban ji ta ba. Uwa ta shigo da yaro ido ya zurma, leɓe ya bushe, yana kuka babu hawaye, in ja fatar cikinsa ta tsaya kamar tsumma, in ce tun yaushe? ta ce sati guda. In ce me ya hana ki kawo shi? ta ce an ce haƙori ne. Mai tari da numfashi sama sama, haƙori ne. Mai zazzaɓin da har ya yi taune taune, haƙori ne. Mai ruwan kunne, haƙori. Har yaron da tamowa ta fara kumbura wa ƙafa an taɓa kawo min shi da wannan bayanin.

Ƙanwata haƙori ba ya sa zawo. Ba ya sa amai, ba ya sa zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi. Abin da haƙori yake yi shi ne dalalar yawu, ƙaiƙayin dasashi, yaro ya dinga cizon duk abin da ya samu har kan nononki, ya yi rigima, barcinsa ya ɗan rikice, wani sa'in jikinsa ya yi ɗan ɗumi kwana ɗaya biyu. Iyakarsa kenan. Ki wanke hannu ki murza masa dasashi da yatsa, ko ki ba shi tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya tauna, ya wadatar.

To me ya sa iyayenmu suka yarda da abin har haka? Ba ƙarya suke yi ba, abin da idonsu ya gani suke faɗa, fassarar ce ta kauce. Haƙorin yaro yana fara fitowa wajen wata shida, kuma guda 20 ne, ba sa gama fitowa sai ya kai shekara biyu da rabi zuwa uku. Kinga duk ranar da yaro ya kwanta ciwo a tsakanin nan, in aka buɗe bakinsa ba za a rasa haƙorin da yake hanya ba wanda za a ɗora wa laifi. Kuma daidai wannan lokacin ne garkuwar da ya fito da ita daga cikinki take raguwa, daidai lokacin ne ya fara zama da rarrafe yana kwasar takalmi da ƙasa da kashin kaji yana kaiwa baki, daidai lokacin ne aka fara ɗura masa kunu da koko, sau da yawa a fidar da ba a tafasa ba, ko kunun da aka dama tun safe yana cikin fulas har la'asar, ga ruwan randa da kowa yake tsoma moɗa a ciki, ga ƙuda. Waɗannan su ne masu kawo zawon, haƙorin zuwa kawai ya yi ya tarar da su. Yaran Hajiya da suka yi zawo suka tashi, Allah ne ya raya su, amma ki tambayi duk wata dattijuwa a unguwarku nawa ta haifa nawa suka rayu, zaki ji sunayen waɗanda aka ce haƙori ya tafi da su. Zawo ne da maleriya da ciwon haƙarƙari suka tafi da su.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kasuwar da aka buɗe a kan wannan imanin. Hodar haƙori, ruwan maganin haƙori, layar haƙori, wani ma a cikin kwalbar da babu ko takarda a jikinta, mai talla yana yawo da lasifika a kan mota yana cewa maganin haƙori da zawo da shawara da basir duk a kwalba ɗaya. Mutane sun manta da abin da ya faru a ƙarshen shekarar 2008, lokacin da wani maganin haƙori mai suna My Pikin ya gurɓata da sinadari mai guba irin wanda ake sakawa a man birki, ƙodar yara ta daina aiki, fitsari ya ɗauke, yara 84 suka rasu a ƙasar nan, daga Legas da Ibadan har Zariya, sai da hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta kwashe shi daga kasuwa. A 2022 kuma irin wannan gubar a cikin maganin tari ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. Iyayen yaran nan ƙauna ce ta sa suka siyo, irin ƙaunar da ta sa Hajiya ta aika kemis. Ko da maganin lafiyarsa ƙalau, yawanci farasitamol ne a ciki da wani abu mai sa barci, sai zafin jiki ya sauka yaro ya yi luf, gida ya ce alhamdulillahi ya samu sauƙi, alhali ciwon yana nan yana cinsa, an dai rufe masa baki ne.

Flagyl ma haka. Ban san wa ya koya wa masu kemis cewa duk zawo Flagyl ba, wani har ya haɗa da Septrin, wani ya fasa kafso ja da yalo ya ce a zuba a kunu. Yawancin zawon yara masu shekarun ɗanki ƙwayar cuta ce irin su rota wadda waɗannan magungunan ba sa taɓa ta ko kaɗan, sai dai su ɗaci bakin yaro su sa shi amai ya ƙi cin abinci. Akwai zawon da yake buƙatar magani, kamar mai jini a ciki, amma ma'aikacin lafiya ne zai duba ya rubuta. Maganin tsayar da zawo na manya kuwa kar ki kuskura, cikin yaro yake kumburawa. Mai kemis ɗin da ya miƙo Flagyl bai miƙo ORS da zink ba, ya siyar da kayansa ne kawai, bai duba ɗanki ba.

Maganar maɗiga kuma, ba wani ciwo ba ne daban da za a shafa wa abu. Ruwa ne ya yi ƙasa a jikinsa shi ya sa ta lotsa, in ruwan ya dawo zata ciko da kanta a gaban idonki. Na sha kankare busasshen haɗi daga kan yara kafin in iya duba su, an shafe kwana biyu ana jiran ya yi aiki. Kuma dan Allah kar ki bari a kai shi wajen wanzami a ce za a tsaga dasashi ko a cire beli, yaron da ruwansa ya ƙare ba shi da jinin da zai zubar, ga tetanus ga ciwon hanta da ake ɗauka a jikin aska.

Zazzaɓin nasa kuma sai an gwada. Ɗan jini ne a yatsa ko diddige, minti 15 zuwa 20 an san ko maleriya ce. Kar ki ce ai yana shan maganin rigakafin maleriya na damina da masu zagaye gida gida suke rabawa, yana ragewa ne sosai amma ba ya hana gwaji.

Batun Hajiya, na fahimce ki, ni ma surukar wasu ce kuma ni ma an taɓa kai ni gidan miji. Ba sai kin ce mata ta yi kuskure ba. Ki kira baban yaron yanzu ki faɗa masa ma'aikaciyar lafiya tace maɗiga ta faɗa a kawo shi yau, shi ya kira mahaifiyarsa ya ce Hajiya dan Allah ki raka ta. Ki durƙusa ki ce Hajiya ni tsoro nake ji, ki zo mu je tare ke kin fi ni sanin yara. Mafi yawan kakanni in aka ba su girmansu su ne suke riga ki ɗaukar mayafi, kuma in ta ji bayanin daga bakinmu gobe ita zata hana a ba jikan maƙota hodar haƙori. Amma in ta ƙi, in wayar maigida ba ta shiga, ki tafi. Ki nemi yayarki ko maƙociya ko matar mai unguwa ta raka ki. Ban san malamin da zai ce ki zauna da yaro yana ƙarewa a hannunki saboda kunya ba, haƙuri kuma ana bayarwa daga baya.

Magidanta kuma ina da magana da ku, musamman masu tafiya neman kuɗi Legas da Fatakwal da Abuja. Manzon Allah (SAW) ya ce kowannenku makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Kafin ka saka ƙafa a mota ka faɗa a gaban mahaifiyarka da matarka cewa in yaro ba lafiya an ba ta izini ta fita ko ƙarfe biyun dare ne, ka ajiye kuɗin mota da na kati a wuri daban wanda ba na cefane ba, ka bar mata lambar mai adaidaitan da ka yarda da shi. Sau nawa ake kawo mana yaro da asuba ya riga ya galabaita, a ce tun magariba ake kiran maigida waya a kashe? Matan unguwa ku ma, kuna adashin biki da na kayan ɗaki, ku ware wani abu na asibiti wanda mace zata ranta cikin dare ba sai ta bi gida gida ba. Kowane gida mai yaro ƙasa da shekara biyar ya ajiye ORS da zink kamar yadda ake ajiye ashana, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma in maƙociya ta nuna miki yaronta, ko dai ki ce mu je a duba shi ko ki yi shiru, kar ki ce haƙori ne.

In ya warke ki duba katinsa, tun 2022 aka saka ɗigon rota a cikin rigakafin yara a Najeriya, ana bayarwa a sati 6 da 10 da 14 kyauta, ki nuna wa nas ta ga ko ya samu, ga allurar ƙyanda tana jiransa wata mai zuwa in ya cika wata tara. In kina amfani da fida ki jefar ki koma kofi da cokali, kunu a dama sabo, a saka masa ƙuli ko gyaɗa ko waken suya da ɗan manja, ki ƙara masa ci sau ɗaya a kan na kullum har sati biyu domin ya mayar da abin da ya zube. Sabulu bayan kin wanke masa kashi da kafin ki ba shi abinci, ke da duk mai ɗaukarsa.

Yanzu dai ki ɗauki katin rigakafinsa, da magungunan nan biyu da aka siyo a nuna wa likita, da ORS ɗin a gora mai tsabta kina ba shi a hanya. In kin isa kar ki bi layin yankar kati ki zauna shiru, na san halin wasu wuraren, sai a bar uwa awa biyu a benci saboda takarda. Ki wuce kai tsaye wajen nas ki ce yarona yana zawo kwana uku, maɗigarsa ta faɗa, ba ya kama nono sosai. In a hanya kika ga ya daina sha gaba ɗaya, ko komai ya sha sai ya dawo, ko ya saki jiki ba ya farkawa sosai, ko ya fara taune taune, ki ce wa mai adaidaita ya wuce babban asibiti inda ake ƙarin ruwa. Allah ya ba shi lafiya, ki rubuto min in kun dawo in ji yadda ya kwana.