Kada ka goge komai tukuna, faifan da ka cire shi ne ke riƙe da makulli

Wa alaikumus salam ƙanena na Tawa. Ka ce kwamfutarka HP ce ta tebur, tsohon faifai na ɗauke da Windows 10 da Ubuntu (wani tsarin tafiyar da kwamfuta na Linux), ka sayo SSD, wato sabon faifai mai sauri, ka sa masa sabon Windows. In ka zare tsohon faifan, inji ya ce bai ga abin da zai tashi da shi ba. In ka mayar, Windows ya tashi amma Ubuntu ya ɓace. Ka tambaya ko ka goge duka ka sake daga farko. Don Allah dakata.

Na daɗe ina gyaran injuna a nan Yamai, kuma wannan ciwon ni ma ya taɓa kayar da ni. Wata hajiya mai shagon buga takardu ta kawo mini injinta, na ƙara mata SSD, komai ya tashi lafiya lau. Sai na goge tsohon faifan don ta riƙa ajiya a ciki. Ina sake kunnawa, allo baƙi ƙirin. Ga Windows kwance a SSD ba abin da ya same shi, amma ba ƙofar shiga. Ranar sai bayan isha'i na bar shago.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, inda Windows yake zaune daban, inda ɗan fayil ɗin da ke tada shi yake daban. A injunan UEFI, wato masu sabuwar hanyar tashi, akwai wani ɗan yanki a faifai, na FAT32, galibi mega 100 in Windows ne ya yanka shi, ana ce masa EFI. Nan makullan tashi suke, na Windows da na Ubuntu duka. Lokacin da kake sa sabon Windows tsohon faifan na jone, sai ya tarar akwai wannan yanki a can, bai ga dalilin yanka sabo ba, ya ajiye makullinsa gidan maƙwabci. Shi ya sa SSD ɗinka shi kaɗai ba ya tashi. Kuma da ya ajiye, ya sa kansa gaban layi, GRUB mai nuna maka zaɓi ya koma baya. Ubuntu na nan daram.

Ka fara gwada mai sauƙi. Da ka kunna, ka yi ta danna F9 (a Dell da Lenovo F12 ne). In ka ga sunan ubuntu a jerin, zaɓe shi. Ya tashi? To shiga saitin inji da F10 ka maido shi sama. In kuma GRUB ya fito amma babu Windows a ciki, daga sigar 2.06 an kashe masa leƙen wasu tsare-tsare da kansa. Buɗe /etc/default/grub, ka ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, sannan sudo update-grub.

Amma akwai tarko a nan. Dole Windows da Ubuntu su zama hanya ɗaya aka sa su. A Windows ka buga msinfo32, zai gaya maka ko UEFI ne ko tsohuwar hanyar BIOS. A Ubuntu ka duba ko akwai /sys/firmware/efi. In ɗaya UEFI ne ɗaya BIOS, ko ka kwana kana update-grub ba za su ga juna ba. Sai dai ka riƙa zaɓa da F9, ko ka sake sa ɗaya daga cikinsu.

Yanzu babban aikin, ba SSD makullin kansa. Kwashe takardunka masu muhimmanci tukuna, kuma in BitLocker (abin da Windows ke kulle faifai da shi) na kunne, ka rubuta lambobinsa 48 a takarda. Kashe inji, zare wayar tsohon faifan gaba ɗaya. Tashi da kilen USB na Windows, a allon farko danna Shift da F10, tagar buga umarni za ta buɗe. Buga diskpart, sai list volume, ka gane wane harafi aka ba Windows, don a nan ba kullum C ba ne. Zaɓe shi da select volume da lambarsa, sai shrink desired=300, sai create partition efi size=260, sai format quick fs=fat32, sai assign letter=S, ka fita da exit. Na ƙarshe: bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI, ka canza C in harafin daban ne. Amma duk wannan sai in faifan GPT ne, wato sabon salon yanka faifai, don haka ka duba tun kafin ka fara. List disk a cikin diskpart zai nuna tauraro a layin faifan, ƙarƙashin inda aka rubuta Gpt. In babu tauraro ka dawo ka faɗa mini kafin ka taɓa komai. Ka kuma lura da abin da kake bugawa, jerin maɓallan injunanmu AZERTY ne, wani kilen kuma QWERTY yake ɗauka, ka danna a ya fito q.

Ni dai tun daga ranar hajiyar nan, ba na sa wa inji tsari sai faifai ɗaya ne jone. Sauran duk a zare, a mayar bayan an gama. Wasu abokan sana'a na ganin ɓata lokaci ne, minti biyu ne fa.

Abu ɗaya da ake mantawa: in kowace ɗaukewar wuta sai jerin tashin ya rikice, kwanan wata ya koma baya, ba Windows ba ne, ɗan pil ɗin (batir) CR2032 na kan allon inji ne ya mutu. Tsofaffin injunan da ake kawo mana yawanci da gajiyayyen pil suke zuwa. Wani lokaci har saitin faifai yake juyawa daga AHCI zuwa RAID, Windows ya ba ka shuɗin allo. Canza pil, ka mayar da saitin yadda yake.

In kuma bayan ka fito daga Ubuntu ka ga agogon Windows ya yi baya da awa ɗaya cif, wannan ba pil ba ne. Ubuntu na ajiye agogon inji a kan lokacin duniya, mu kuma a Nijar muna gabansa da awa ɗaya. A Ubuntu ka buga timedatectl set-local-rtc 1, shi ke nan. Ka turo hoton abin da list disk ya nuna maka kafin ka yanka yankin.