Wasu sun ce albam ɗina wuta ne, wasu sun ce hayaniya ce, maganar wa zan ɗauka?

Tambaya: Salam oga, ni matashi ne a Agege ta Legas, ina haɗa bit a laftof da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Watan jiya na saki albam ɗina na farko, kiɗan rawa na lantarki irin Afro hawus, guda takwas ne, na sa kalangu a cikin uku. Toh tun da na ɗora shi a Audiomack da YouTube ra'ayin mutane ya rikita ni. Abokaina na unguwa sun ce ba waƙa a ciki abu ɗaya ne yake ta maimaituwa, wani ya ce bes ɗin ba ƙarfi, wata kuma ta ce ta jira minti guda cur ba a fara komai ba sai ta wuce. Amma wani DJ da ke kiɗa a Lekki ya ce ya saka guda biyu a fati mutane sun taka sosai. Wa zan yarda da shi, in gyara ne ko in bar shi haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Mutum ya kammala kiɗa takwas a garin nan da wannan wutar da ake kawowa a ɗauke da kuɗin man janareta, ai ya cancanci a ce masa sannu kafin a fara duba masa kuskure.

Duk cikin mutanen nan ba wanda ya yi maka ƙarya, sai dai ba abu ɗaya suka ji ba duk da fayil ɗaya ne. A irin wannan kiɗan, kafin ka auna maganar mutum sai ka tambaye shi a ina ya ji kuma da me ya ji, in ba haka ba za ka yi ta gyaran abin da lafiyarsa ƙalau ka bar wanda ya lalace.

Bari in fara da mai cewa bes ba ƙarfi don tasa ta fi sauƙin magani. Kunnen mutum yana jin sauti daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantakar sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri), shi kuma bes ɗin nan da ke bugun ƙirji a kulob yana can ƙasa ne, wajen 40 zuwa 80 Hz. Sipikar waya kuwa in an sauka ƙasa da 150 ko 200 Hz kusan ba ta fitar da komai, ƙanƙantarta ba za ta bari ba. Kaga kenan abokinka da ya kunna a wayarsa yana cikin danfo a goslo ɗin Oshodi, kwandasta na ihu, inji na ƙara, bai ji rabin abin da ka haɗa ba, in ma a status ɗin WhatsApp ya ji toh an riga an matse sautin tun kafin ya iso kunnensa. Amma kar ka ce laifin wayarsa ne ka share, saboda yawancin masu jin ka da waya za su ji, ko da iyafis ɗin da aka saya a bakin titi a kasuwar wayoyi ta Computer Village. Abin da ake yi shi ne ka ɗan ƙazantar da bes ɗin, wato abin da ake ce wa sachureshan, ka sa masa kaɗan, sai ya haifi wasu sautuka a sama, in yana 50 Hz za ka samu 100 da 150 da 200 da abin da ya yi sama, waya za ta fitar da na saman nan ƙwaƙwalwa kuma ta cike na ƙasan da kanta. Shi ya sa gangar nan ta amapiyano, kiɗan Afirka ta Kudu, da ake ce wa log diram take fitowa rangaɗau ko a ƙaramar waya, tana da bugu mai tauri a tsakiya ba ƙasa kaɗai ba. Duk miksin ɗin da ka gama, wato daidaita sautukan kiɗan da juna, ka tura shi wayarka ka ajiye ta kan tebur ka ji, in layin bes ya ɓace gaba ɗaya da sauran aiki.

Ita kuma wadda ta jira minti guda, lissafinta daidai ne wallahi. Afro hawus yana tafiya wajen bugu 120 zuwa 125 a minti, ana ƙirga shi huɗu-huɗu, duk bugu huɗu gaba ɗaya ce, kuma al'ada ce a bar wa DJ gaba 32 a farko na ganga zalla. Gaba 32 bugu 128 kenan, a gudun 124 ya zama daƙiƙa 62. Wannan minti gudan ba don ita aka yi shi ba, don DJ ne ya samu inda zai saƙa kiɗanka cikin wanda ke ƙarewa ba tare da masu rawa sun ji an yanke ba, a fati ba wanda yake jin sa shi kaɗai. Amma mai waya a hannu da data ɗin da ya saya da kuɗinsa me zai sa ya zauna jiran ganga? Spotify ma sai an kai daƙiƙa 30 take ƙirga cewa an saurara. Masu harkar nan tun tuni guda biyu suke fitarwa, dogo mai minti 6 ko 7 na DJ, da gajere mai minti 3 da ɗoriya na sauran jama'a wanda daɗin yake shigowa da wuri. In dogayen ka zuba a albam, toh ka ba mutane kayan aikin DJ ne ka ce su ji daɗi.

Maganar maimaici ita ce mai wuya, a nan nake so ka nutsu. Kiɗan hawus ya taso ne a Shikago ta Amurka a farkon shekarun 1980, a wuraren rawa na baƙaƙen fata, sunan ma ana danganta shi da wani kulob mai suna Warehouse inda Frankie Knuckles yake DJ. Tekno ya biyo baya a Ditiroyit a hannun su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, da injinan ganga na kamfanin Roland irin TR-808 na 1980 da TR-909 na 1983. Tun asali don filin rawa aka gina shi, bugu huɗu da ba ya tsayawa don ƙafa ta samu abin riƙewa na awa da awanni. Mu kuma kunnenmu da baiti ya tashi, daga su Shata da Ɗan Maraya Jos har zuwa waƙoƙin fiyano na fina-finai, in aka kunna abu tambayar farko ita ce me yake cewa. Amma ka koma ka saurari kalangun da ke bayan Shata ka cire hankalinka daga muryar, za ka ji zagaye ɗaya ne suke yi na minti goma ko fiye, 'yan amshi ma layi ɗaya suke dawowa da shi, ba wanda ya taɓa cewa ya gaji saboda muryar ce take ɗauke da canjin. A irin hawus ɗin da ka yi ba murya, don haka canjin sai ya fito daga shiga da fitar kayan kiɗan, duk gaba 8 ko 16 wani abu ya shigo ko ya fita, kacau-kacau ya ƙaru, a ɗauke ganga a bar mutane a rataye sannan a sako ta.

Saboda haka masu cewa maimaici kala biyu ne. Akwai wanda baiti yake nema, ko me ka yi ba zai gamsu ba sai ya ji bakin mutum, wannan ba hukunci ya yanke wa albam ɗinka ba, abin da yake so ya faɗa maka. Akwai kuma wanda ya san irin kiɗan, yana jin manyan harkar irin su Black Coffee, amma ya ce naka ba ya motsi, toh wannan ka ja masa kujera. Ga gwajin da zai raba maka gardama, ka kunna kiɗa ɗaya ka riƙa tsallake daƙiƙa 30-30, in abin da ka ji a minti ɗaya da rabi shi ne sak a minti na huɗu, abokanka sun fi ka gaskiya. Ciwon masu fara aiki da FL Studio kenan, a haɗa gaba takwas masu daɗi a yi ta kwafa ana mannawa har minti shida, mai shi ba ya jin gajiyar saboda ya riga ya kamu da son abinsa.

Kalangun nan kuma ina so ka duba yadda ka sa shi. In bugu ɗaya ka yanko daga wani tsohon kaset ka jera shi a kan layin kwamfuta daidai wa daida, ka kashe shi. Daɗin kalangu yana hammatar makaɗi, yana matse tsarkiya yana saki, sautin na hawa yana sauka kamar magana, kuma yana ɗan riga bugu ko ya ɗan makara da gangan. Bahaushe ko bai san komai a miksin ba yana jin kalangun da ba hannu a ciki zai gane, zai ce maka abin bai yi ba ko da ba zai iya faɗin dalili ba, kuma ina zargin wani ɓangare na ƙorafin 'yan unguwarku daga nan yake. Kana Agege fa, duk ƙarshen mako ana biki, makaɗa na nan. Ka ɗauko ɗaya ka kai shi situdiyo, ka sa masa hedifon ya bi bit ɗin minti biyar yadda ransa ke so, ka zaɓi inda ya fi zaƙi, ka biya shi hakkinsa kuma ku rubuta yarjejeniya ko a takarda ɗaya ce don gudun rigima ranar da abin ya karɓu. Wanda kuma ya ce maka kiɗan inji ba namu bane ka gaya masa Mamman Sani ya naɗi kiɗan ogan na lantarki a Yamai tun 1978, William Onyeabor ma yana ta nasa a Inugu a wajen wannan lokacin.

Sai DJ ɗinka na Lekki. Maganarsa tana da nauyi don shi kaɗai ya gwada kiɗan a inda aka yi shi domin sa, amma kar kanka ya kumbura, biyu ya ɗauka cikin takwas. Kuma DJ tsakiyar kiɗa yake sakawa, minti biyu ko uku, tsakanin wasu kiɗan da mutane suka sani, da ƙarfe biyun dare jama'a sun riga sun ɗau zafi ko me aka sa mai bugu daidai za su taka. Ka kira shi ka tambaye shi me ya hana shi taɓa sauran shidan, kuma da ya saka naka sai da ya ƙara ƙarfin sauti ko ya rage bes kafin ya yi daidai da na gabansa? Amsar nan ta fi yabon amfani. In da hali ka bi shi wata rana ka tsaya can baya kar ka gaya wa kowa naka ne, ka ga in ya shigo mutane suna ƙaruwa a fili ko lokacin ne suke tafiya neman abin sha, ka ga ko akwai mai ɗaga waya yana neman sunan kiɗan a Shazam, manhajar da ke gano kiɗa in ta ji shi.

Wani abu da ba a cika gaya wa sababbi ba, shi albam a wannan harkar dama abu ne mai wuya, harkar da kiɗa ɗai-ɗai da haɗin DJ take rayuwa. Black Coffee na Afirka ta Kudu da ya ci Grammy a 2022 a rukunin albam ɗin rawa na lantarki, albam ɗin nasa cike yake da mawaƙan da ya gayyato irin su Usher da Pharrell Williams, saboda ya san wanda zai zauna ya ji albam daga farko zuwa ƙarshe a mota ko a ɗaki yana buƙatar murya ta riƙe shi. Ni a ganina da ka sa mawaƙi ko mawaƙiya a biyu ko uku cikin takwas ɗin nan, ko da layi biyu ne na Hausa da ake dawowa da su irin na amshi, da rabin surutun nan bai taso ba, kuma ba abin da zai ragu a wajen masu rawa.

Kwament na intanet kuma kar ka ɗora masa rai da yawa. Wanda abin ya burge sosai da wanda ya ji haushi su ne ke rubutu, na tsakiya da suka fi yawa shiru suke, abokai masu jera maka alamar wuta kuwa wasunsu ko kunnawa ba su yi ba, zumunci ne kawai. Tunda ka ɗora a YouTube ka shiga YouTube Studio, akwai zanen da ke nuna daidai inda mutane ke fita daga kowane bidiyo, in ka ga layin ya faɗi a daƙiƙa 20 a duka takwas ɗin ka san farkon ne matsala, in a tsakiya yake zubewa toh tsarin ne ba ya motsi.

Kar ka sauke albam ɗin. Ka ɗauki biyun da DJ ya zaɓa ka gyara musu bes, ka yanka gajeru ka sake su daban, ɗaya a ciki ka gwada sa murya. Wajen mastarin kuma, wato gyaran sauti na ƙarshe kafin a saki kiɗa, kar ka matse shi don ya fi na kowa ƙara, Spotify tana daidaita ƙarfin sauti zuwa wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙarar sauti, in ka cika matsi za ta rage shi ne kawai ka tashi da ganga marar nauyi. Dogayen ka ajiye su a fayil mai ingancin sauti, WAV ko MP3 mai 320 kbps, su za ka riƙa tura wa DJ, kuma ta imel ko Google Drive, sannan ka rubuta gudun kiɗan a jikin sunan fayil ɗin don kar ya sha wahalar nema.