Ruwan washbo ya yi ƙasa: in sayi babban inji ko in sauke nawa cikin rami?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni manomin rani ne nan gefen Argungu, ina da 'yar shinkafa da ba ta kai kadada guda ba, da 'yan fangalin albasa. Bana ruwa sun ɗauke da wuri, fadama ba ta cika ba, yanzu in na tada inji a kan washbo, wato rijiyar bututun da nake ban ruwa da ita, sai ya ba da ruwa na ɗan lokaci ya koma tari yana feso iska, ga shinkafa ta kusa ciki. Mai shagon da nake sayen kaya ya ce in sayi mai inci 3, maƙwabcina kuma ya ce in gina rami in sauke injin ƙasa yadda ya yi, shi har ciki yake zama yana riƙe tiyo. Wallahi ko barci ba na iyawa. Wanne zan yi?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Riƙe kuɗinka tukuna, kar ka sayi injin nan. Duk injin da ke zaune a sama yana zuƙo ruwa, inci 2 ne ko 3 ko 4, iyakarsu ɗaya. Nauyin iskar sama ne ke danna ruwa ya hau tiyo, kuma ko a lissafin takarda nauyin nan bai wuce ya ɗaga ruwa mita 10 da ɗan ɗoriya ba, a gona kuwa da tsohon sil da lanƙwasar tiyo in ka samu mita 7, wajen ƙafa 23 ke nan, ka gode Allah. Abin da inci 3 zai yi maka shi ne ya kwashe ruwan cikin bututu da sauri fiye da yadda yashi ke tatso shi, ruwa ya ƙara faɗawa, ya fara jawo yashi ya cinye farfela, ga shan mai, mu kuwa tun da aka cire tallafi a 2023 mun san yadda lita ke ciwo. Mai shago kayansa yake son sayarwa, ba shi zai kwana a gonarka ba.

Gobe da asuba kafin ka tada inji ka ɗaura ɗan ƙarfe a igiya ka zura cikin bututun ka auna inda ruwa ya kwana, in ya fara tarin nan ka kashe ka sake aunawa nan take. Sannan ka bi tiyon zuƙa tun daga ƙasa har wuyan inji, duk mahaɗa ka naɗe ta da roba tam, don sau da yawa tarin nan iska ce kawai ke shiga ta wata 'yar tsaga. Ka rage wuta, ka bar shi yana tafiya a hankali, in ya ja ka ba rijiyar hutu ta tara.

Yanzu maganar maƙwabcinka, kuma saboda ita na tsallake tambayoyin da ke gaban taka. Sauke inji ƙasa yana kawo ruwa, wannan gaskiya ne, kowace mita da ka sauka ka rage wa injin mita guda ta zuƙa. Zaman da yake yi a ciki ne zai kashe shi. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da wata guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, baƙin hayaƙin da kake gani kana kaucewa daban, ita ba ka ganinta sam. In ta shiga ƙirji jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200, to a fili iska na kwashe ta, a rami kuwa ina za ta je? Mutum zai fara jin ciwon kai da jiri ya ce rana ce, ya ce bari in ƙarasa ɗaure tiyo in fito, sai ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, kuma abin haushi tana ɗauke hankali ne kafin mutum ya gane yana cikin haɗari, ko ihu ba zai yi ba.

Kullum sai na ji wani ya ce ai in ka jiƙa rawani ka ɗaure hanci shi ke nan. Rawani ƙura yake tarewa, gubar nan ratsa shi take yi kamar ba a sa komai ba, haka takunkumin asibiti. Wani kuma ya ce a zura fitila ko a kunna ashana, in wuta ba ta mutu ba ramin lafiya lau. Wutar za ta ci gaba da ci tsaf a cikin iskar da za ta kashe ƙato, gwajin nan ba ya nuna wannan gubar. Ga kuma waɗanda suka mayar da injinsu na gas saboda tsadar fetur suna cewa gas ba ya hayaƙi, to yana fitar da gubar nan shi ma, ƙari a kan haka gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in tukunya ko tiyonta na yoyo ƙasan ramin yake kwantawa, kai kuma ka zo da ashanarka ta gwaji.

In abin ya faru kuma sai a ce aljanun rijiya ne suka riƙe shi. Ƙane ya ga yayansa ya kife ya dira, shi ma ya kife, na uku ya bi, gida guda a yi jana'iza biyu ko uku rana ɗaya a ce wurin ne ba kyau, a yanka baƙar akuya, mako na zagayowa a mayar da inji cikin ramin nan dai. Haba jama'a! Kuma in an samu an fito da mutum da rai sai a taru a kansa ana ɗura masa madara ko manja wai su karya guba. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, huhunsa zai tafi. Madara ba ta da hanyar zuwa inda gubar take. A kashe inji daga sama, kar kowa ya shiga sai da igiya a ƙugu da mutane riƙe da ita, kuma bayan an kaɗa iska sosai cikin ramin, a fito da shi fili a kwantar da shi ta gefe, a nufi asibitin da ke da oksijin ko da ya farfaɗo ya ce ya warke, don tana iya taɓa ƙwaƙwalwa abin ya bayyana bayan kwanaki.

In dole sai ka sauke injin, ramin ya zama mai faɗi da gangare ta gefe, kar zurfinsa ya wuce ƙugunka don yashin fadama ruftawa yake ba sallama, mai walda ya ƙara wa salansa dogon ƙarfe ya fito sama can gefen da iska ke tafiya, kuma in inji yana kunne ba mai zama ciki, yaro ko babba. In awonka ya nuna ruwa ya wuce mita 8 ka daina wahalar da kanka, wannan aikin sumo ne, shi cikin ruwa yake zama yana turowa sama, da sola ko janareta a waje, amma ka fara duba ko faɗin bututunka zai ɗauke shi. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu. Kar ka zauna jiran rabon sola na gwamnati, ka san yadda sunaye ke shiga takardar nan, shinkafarka ba za ta jira ba.

Ruwan da ka samu kuma ka san inda za ka kai shi. Shinkafa ba sai ta kwana cikin ruwa kullum ba. Yanki bututun roba santimita 30, ka huhhuda rabinsa na ƙasa, ka kafa a gona ka kwashe laka daga cikinsa, kar ka ba da ruwa sai ka leƙa ka ga ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa, wannan kaɗai yana iya rage maka ruwa har kusan kashi 30 cikin 100. Amma taka ta kusa ciki, daga ciki zuwa fitar kai da fure ba a yi mata rowa, a nan ƙishi ke mayar da zangarniya ƙaiƙayi. In ruwan ba zai ishi duka ba ka zaɓi fangalin da suka fi kyau kuma suka fi kusa da rijiya ka ƙosar da su, na can ƙarshe ka haƙura da su. Albasa ka shimfiɗa mata ciyawa tsakanin layi, ka ba ta da sassafe ko yamma lis, in wuyanta ya fara kwantawa ka yanke mata ruwa gaba ɗaya, dama ta fi ajiyuwa haka. Ka turo min awon nan biyu na igiya da faɗin bututunka in gaya maka ko rami zai yi ko sai sumo.