Amsar tambayarka kan fita zanga-zanga

Ɗana, saƙonka ya iso tun shekaranjiya, ciwon gwiwar nan ne ya hana ni zama in amsa. Ka ce mahaifiyarka ta hana ka fita, wai hawa titi da kwalaye ba tarbiyyar Bahaushe ba ce, kuma zubar da mutuncin magana yake yi ko da mai ita na da gaskiya. Kana so ka ji ko haka al'ada ta ce.

Yayata ba ta yi ƙarya ba. Yadda muka taso, mai kuka ƙofar mai unguwa yake nufa, ya cire takalmi ya durƙusa. Mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, har ta isa fada. Sai dai wannan hanya tana da amfani ne muddin na sama yana saurare. Da ta toshe ne aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, su Malam Aminu suka koya wa talaka buɗe baki. Su ma marasa kunya aka riƙa ce musu, aka ɗaure su, aka yi musu bulala. Gambo Sawaba, mace, ta sha shiga kurkuku. Yau da sunayensu ake tinƙaho.

Ni kaina na fita a Janairun 2012, lokacin da litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141. A shataletalen Silver Jubilee da ke Kano na ga Kiristoci sun kewaye mu muna sallah, babu wanda ya taɓa ko lemon mai tire. Buƙata ɗaya ce, kowa ya san ta, kuma ƙungiyar ƙwadago na gaba, akwai wanda za a kira a zauna da shi. Ranar 16 ga wata farashi ya sauko 97, suka ce a koma gida, aka koma.

Ta Agustan 2024 fa? Yunwar gaskiya ce, ni ma tukunyata ta shaida. Amma tun ranar farko aka fasa cibiyar hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a Kano, duniya ta ga yara ɗauke da kujerun ofis a ka. Aka sa dokar hana fita ta awa 24. Kwana kaɗan sai ga tutar Rasha a hannun yaran da ba su san inda Rasha take ba. Shi ke nan, zance ya bar farashin masara ya koma kan kujera da tuta, masu mulki suka samu abin fakewa. Ban wanke waɗanda suka harbi mutane ba, kada ka ce Kawu ya wanke su. Kuma har yau ina jin zafin yaran nan da aka kama kan zanga-zangar, suka sume a kotun Abuja cikin Nuwamba, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Waɗanda suka yi ta zuga su a Facebook, ko ɗaya ban gani a gefensu ba.

Saboda haka in an sake kira, kafin ka sa takalmi ka bincika min wanda ya kira, da unguwar da yake kwana, da abin da ake nema takamaimai, da wanda zai ce a watse a ji maganarsa. In ka samo amsa, ni zan je in lallashi mahaifiyarka. In ba ka samo ba, zauna a shago.

Ranar Juma'a ka taho min da man zafin nan.