Tambaya da Amsa: Tsara Saƙa da Ɗinkin Shekara da Kayan da Ke Hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na daɗe ina saƙa, ta kwarashi da ta kibiya, kuma ina taɓa ɗinki da keke a gida. Damuwata ita ce zaren ulu da yadudduka sun cika mini akwati biyu. Wasu ragowar ayyukan baya ne, wasu kuwa sha'awa ce ta sa na saya, har yau ban taɓa su ba. Na ƙudurta cewa a shekara mai zuwa ba zan sayi komai ba sai na ga bayan waɗannan. Ta ina zan fara, kuma yaya zan tsara aikin don kada niyyar ta tsaya a baki?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Niyyarki ta yi kyau, kuma abin da ke kayar da irinta guda ɗaya ne: mutum ya zauna ya rubuta jerin abubuwan da ransa ke so ya saƙa, sannan daga baya ya je ya duba ko kayan da ke akwati za su isa. Idan aka bi ta wannan hanya, kafin wata na biyu za a tarar cewa rigar sanyin da aka sa a gaba tana neman ƙarin dunƙule uku, daga nan kuma an koma kasuwa. Ki juya al'amarin. Akwatin ne zai faɗa miki abin da za ki yi, ba zai faɗa miki ba kuwa sai kin auna abin da ke cikinsa.

Saboda haka aikin farko na shekarar ba saƙa ba ne, awo ne. Ki ware yini guda, ki fito da komai fili a hasken rana, domin fitila tana ɓoye bambancin launi. Ki tanadi littafi, da tef ɗin awo, da ƙaramin ma'aunin da ke nuna giram. Yawancin zare yana zuwa ne a dunƙule mai giram 50 ko 100, kuma takardar da aka naɗe shi da ita tana nuna tsawonsa, to da wannan kaɗai za ki san tsawon ragowar da ke hannunki ba tare da kin warware ta ba. Idan takardar ta ce giram 100 mita 200 ne, ragowarki kuma ta auna giram 35, kina da mita 70 ke nan. Ki rubuta wannan, tare da launin, da kaurin, da irin zaren, ki kuma yanko ɗan guntu ki manna a gefen rubutun. Tsawo shi ne abin lura, ba yawan dunƙule ba, domin dunƙule biyu masu nauyi ɗaya suna iya bambanta a tsawo ninki biyu idan ɗaya siriri ne ɗaya kuma kakkaura.

Za ki ci karo da zaren da takardarsa ta ɓata. Domin sanin kaurinsa, ki naɗa shi a jikin fensir, zagaye kusa da zagaye, ba tare da kin ja shi da ƙarfi ko kin bar rata ba, sai ki ƙirga zagaye nawa suka cika inci ɗaya. Wajen 14 zuwa sama siriri ne, irin na safa da kayan jarirai. Tsakanin 9 da 12 matsakaici ne, wanda ya dace da riguna da huluna. Daga 7 zuwa ƙasa kuwa kakkaura ne. Domin sanin abin da aka yi shi da shi, ki yanko guntu ki riƙe da hantsaki a kan kwanon ruwa, ki sa masa wuta. Auduga tana ci da sauri, tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu na gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi, ba ya son ci, kuma abin da ya bari yana murƙushewa tsakanin yatsu. Zaren roba narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri, don haka kada ki taɓa shi sai ya huce. Wannan gwaji yana da muhimmanci, domin abin da muke kira ulu a baki ɗaya ba duka ne gashin dabba ba, kuma wankinsu ba ɗaya ba ne.

Yadudduka kuma ki auna tsawo da faɗi duka biyu. Yadi ɗaya inci 36 ne, wato ɗan sama da santimita 91, amma yadi biyu na ƙyalle mai faɗin inci 45 ba za su yi aikin da yadi biyu na mai faɗin inci 60 za su yi ba, kuma a nan ne lissafin mutane da yawa yake karyewa a kan teburin yanka.

Kafin ki sa sabon aiki ko ɗaya a cikin tsarin, ki yi hukunci a kan waɗanda kika fara kika ajiye. Na san kowace mai saƙa tana da su: hannun riga ɗaya, rabin bargo, siket ɗin da kalmasa kawai ta rage masa. Kowanne ki tambayi kanki ko har yanzu kina son sa. Wanda kike so, ki ba shi watannin farko na shekara, domin gama shi yana da sauri, kuma ganin abu ya kammalu yana ƙara wa hannu ƙarfi. Wanda ba kya so, ki warware shi ba tare da jin nauyi ba. Zaren zai fito a nannaɗe, sai ki naɗa shi a bayan kujera ya yi babban zobe, ki ɗaure shi a wurare huɗu, ki jiƙa shi a ruwa mai ɗan ɗumi, ki matse a hankali, ki rataye a inuwa. Idan ya bushe, yawancin lanƙwasar za ta saki.

Sai batun lokaci, wanda a ganina ya fi na kaya wuyar lissafi, domin zuciya kullum tana raina aikin da hannu bai fara ba. Ki saƙa ɗan gwaji mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi, da zaren da kibiyar da za ki yi aikin da su, ki duba agogo, sannan ki ɗora shi a ma'auni. A ce ya ci minti 20 da giram 5. Bargon jariri mai santimita 80 da 100 ya ƙunshi irin wannan gwaji sau 80, ke nan zai ci giram 400 da kusan sa'a 27. Ki ƙara kashi goma cikin ɗari a kan zaren saboda baki da haɗi. Idan sa'a uku kike samu a mako, bargon nan aikin mako tara ne, ba na mako biyu ba. Da kin yi wannan lissafi ga ayyuka uku ko huɗu, da kanki za ki ga cewa shekara ba ta ɗaukar abin da kika zata.

Shawarata ita ce manyan ayyuka kada su wuce uku ko huɗu, a rarraba su, a sa ƙanana a tsakaninsu, irin su hula, da safa, da jaka, da rigar matashin kai. Abin da za ki ba wani kyauta a ranar da aka riga aka sani, ki ƙirga makonninsa baya daga ranar, ki ƙara mako biyu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Bargo mai nauyi ki ajiye shi ga watannin sanyi, domin riƙe shi a cinya cikin zafi azaba ce. Ki bar aƙalla wata biyu babu komai a cikinsu, saboda rashin lafiya da tafiya da baƙi ba sa neman izinin littafinki. Abu na ƙarshe, ki sassauta dokarki tun daga farko: zif, da maɓalli, da allurar keke, da zaren ɗinki mai launin da ya dace, waɗannan ki halatta wa kanki sayensu. Yadi huɗu bai kamata su ƙara shekara a akwati saboda rashin zif ɗaya ba.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ina da zare mai launi ɗaya da na saya a lokuta daban-daban, amma da na haɗa su a saƙa sai wani layi ya fito a tsakani. Sauran kuma launuka ne barkatai, babu wanda zai isa aiki shi kaɗai. Yaya zan yi da su?

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Zare ana rina shi ne rukuni-rukuni, kuma kowane rukuni yana da lambarsa a jikin takardar, ban da lambar launin. Idan lambar rinin ta bambanta, ɗan bambancin da ido ba ya gani a dunƙule yana bayyana a saƙa. Maganinsa shi ne ki riƙa musanya su, layi biyu da wannan, layi biyu da wancan, kina ɗaukar zaren da ke hutawa ta gefe, sai bambancin ya narke. Idan ba kya son wannan wahala, ki sa ɗaya a jikin rigar, ɗayan kuma a wuya da bakin hannu, inda salon saƙar ya canza, ido ba zai kama ba.

Launuka barkatai kuwa sharaɗinsu biyu ne: kauri ɗaya, da iri ɗaya. Idan kika haɗa ulun tumaki da zaren roba a bargo guda, ranar da ya shiga ruwan zafi ulun zai tsuke ya cure, robar ta tsaya yadda take, bargon ya karkace. Siririn zare ana iya riɓanya shi biyu ya yi kusa da kaurin matsakaici, amma sai an yi gwaji an tabbatar. Abin da ke haɗa kan launuka masu yawa shi ne a samu launi ɗaya mai sanyi, fari ko ruwan toka ko baƙi, ya riƙa shiga tsakaninsu ko ya zagaye kowane murabba'i. Ki kuma sani cewa kwarashi ya fi kibiya cin zare a faɗi ɗaya, don haka wanda kike shakkar isarsa ki ba wa kibiya. Riga kuma ki fara ta daga wuya zuwa ƙasa, ki gama hannaye, sannan ki zuba duk abin da ya rage a tsawon jiki, ki tsaya inda zaren ya tsaya.

Tambaya: Wasu yadudduka da kwarkwaron zare sun kai shekara bakwai a ajiye a wurina. Suna da sauran amfani?

Amsa: Yawanci suna da shi, amma a gwada su kafin a yanka. Ki buɗe yadin ki duba layin ninki, domin nan ne launi yake fara koɗewa, kuma idan ya koɗe guga ba za ta dawo da shi ba, sai dai ki kauce masa wajen yanka. Ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke tufar bayan an ɗinka, musamman auduga, wadda take tsukewa a wankin farko. Zaren ɗinki ki ja shi tsakanin hannu biyu. Idan ya tsinke ba da wani ƙarfi ba, kada ya shiga keke, ki bar shi don ɗaurin wucin gadi da za a cire daga baya. Roba ta ƙugu ita ce ta fi saurin mutuwa, kuma wadda aka ja ta yi ƙara ko ta ƙi komawa, ta gama aiki. Idan kika ga ƙananan huji ko wani abu kamar yashi a cikin ulu, asu ne ya shiga. Ki ware wanda abin ya shafa, ki ɗaure shi a leda, ki sa a firiza mai sanyi sosai na tsawon mako biyu, ki share akwatin tas, sannan ki mayar da sauran cikin mazubi mai murfi, nesa da danshi da hasken rana.